Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga iyayenmu mata masu zaman jego: dan Allah ku daina raina ciwon kan maijego

Assalamu alaikum iyayena, su Inna, su Gwaggo, su Hajiya Kaka, da ungozomomin unguwa, da duk wadda ake aikawa a kira in an haihu ta zo ta ɗora tukunyar wanka. Ina gaishe ku da ladabi, Allah Ya saka muku da alheri, don wallahi ba kowa ne zai iya tashin asuba kwana 40 yana hura wuta saboda 'yar wani ba.

Ni 'yarku ce, kuma nas ce, na daɗe ina aiki a ɗakin haihuwa. Na san abun da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba, kuma mafi yawanku kun karɓi haihuwa tun kafin a haife ni, toh amma ku yi haƙuri ku saurare ni yau ɗaya, don abun da zan faɗa a gidanmu ya faru, a ɗakin mahaifiyata, kuma ni ɗin nan da nake taƙama da farin kaya ina da nawa kason laifin a ciki.

Ƙanwata ce, haihuwar fari, ta zo gida wanka kamar yanda aka saba. Lafiya ƙalau ta haihu a asibiti, duk awon da ta yi ba a taɓa ce mata jininta ya hau ba, bayan 'yan awanni aka sallame ta. Kwana 4 da haihuwa ta kira ni a waya, lokacin ina wani gari wurin aiki, ta ce Yaya kaina ke ciwo kamar zai tsage. Ina tsakiyar aiki, na ce mata rashin barci ne, ki sha farasitamol ki kwanta. Shikenan abun da na faɗa mata kenan. A gida kuma aka ce ai nono ne ke zuwa, wata ta ce sanyi ne ya shige ta a ƙara wa ruwan wanka zafi. Fuskarta ta kumbura, hannu ya kumbura har zobe ya ƙi fita, 'yan barka suna shigowa suna cewa masha Allah jego ya karɓe ta, ta yi ɓulɓul. Ranar suna aka sha hidima, aka yi mata kwalliya aka yi ta ɗaukar hoto, ina da hotunan har yanzu, in na duba idonta a ciki sai in ga yarinyar da ke daurewa ne kawai. Kwana 9 da asuba bayan an fito da ita daga wanka aka miƙa mata kofin kunu, sai kofin ya suɓuce daga hannunta na dama, aka duba sai ga baki ya karkace, tana son magana kalma ta ƙi fita.

Kun san abun da aka fara cewa. Iska ce, ta gamu, ai dama an ce a daina fita da ita banɗaki da duhu. Aka kira mai ruƙiyya, aka turara hayaƙi, aka wanke rubutu ana ɗura mata tana ƙwarewa. Ba wanda ya faɗa min sai bayan azahar, shi ma don ta fara fita hayyacinta ne. Sanda aka isa babban asibiti rana ta kusa faɗuwa, jininta ya haura 190 bisa 120, hoton ƙwaƙwalwa ya nuna wata jijiya ta fashe jini ya zuba a ciki. Allah Ya yi da sauran kwananta. Amma sai da ta sake koyon tafiya kamar ƙaramar yarinya, ita da ɗanta kusan tare suka koyi tsayuwa, kuma har yau ba ta taɓa goya shi da kanta ba sai an ɗora mata an ɗaure.

Iyayena ku ne kuka koya mana cewa kabarin maijego a buɗe yake har sai ta yi arba'in. Wallahi gaskiya kuka faɗa, kuma abun mamaki likitoci ma sati 6 suke ƙirgawa bayan haihuwa, kwana 42 kenan, kun ga lissafinku da nasu kusan ɗaya ne. Inda muka rabu shi ne me ake tsoro a cikin kwanakin. Ku sanyi kuke tsoro, kar ya shiga ɗanyen jiki. Mu kuma abun da muke gani yana kwantar da masu jego, bayan zubar jini da zazzaɓin da ƙwayar cuta ke kawowa, shi ne hawan jini da abun da yake jawowa, jijjiga da shanyewar ɓarin jiki.

Mutane da yawa sun ɗauka da zarar an sauka lafiya hawan jinin ciki ya tafi kenan. Ba haka ba ne. Ruwan da jikin mace ya tara wata 9 ba ya fita rana ɗaya, bayan haihuwa yakan koma cikin jijiyoyi kafin ƙoda ta fitar da shi, shi ya sa jini ya fi hawa tsakanin kwana na 3 zuwa na 6, wato daidai lokacin da muka riga muka sallame ta daga asibiti, ku kuma kuna can kuna lissafin cincin da kayan fitar suna. Kuma yana iya kama wadda duk cikinta jininta lafiya lau yake, irin ƙanwata. Na biyu, Allah da ikonSa Yana sa jinin mai ciki da maijego ya riƙa saurin daskarewa don kar ta zubar da jini ta mutu wurin haihuwa, rahama ce, amma wannan saurin daskarewar kan sa gudan jini ya toshe hanya a ƙwaƙwalwa, kuma haɗarin ya fi yawa a sati 6 na farko, yana ja da sauransa har wajen sati 12. Akwai ma wani nau'in da ke toshe jijiyoyin da ke dawo da jini daga kai, shi kuma ya fi samun wadda jikinta ya bushe ba ta shan ruwa, ko mai zazzaɓi, ko mai ƙarancin jini. Masu sikila, masu ciwon suga, wadda aka yi wa tiyata, wadda ta haifi tagwaye, mai haihuwar fari da wadda shekaru suka fara ja, duk waɗannan ido biyu ake sa musu.

A lissafin da masana suka haɗa daga ƙasashe daban-daban, cikin mata masu ciki da masu jego 100,000 kusan 30 ne ke samun wannan shanyewar, kusan ninki 3 na sauran mata sa'anninsu. Wani zai ce ai kaɗan ne. Toh kaɗan ne in ba a ɗakinki ya faɗo ba. Kuma ku tuna mu a ina muke, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata kusan 75,000 ne suka rasu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa a shekarar 2023 kaɗai, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya, kuma hawan jini na cikin manyan masu kashe su. A nan Arewa mafi yawan mata a gida suke haihuwa, ma'ana ba ni ce ke ganin maijego a kwanakin nan ba, ku ne. Shi ya sa ban rubuta wa kwamishina ba na rubuto muku.

Yanzu maganar da na san za ta ɓata wa wasunku rai, kunun kanwa da ruwan zafi. Ban zo in ce a fasa tukunya ba, ni ma an yi min wankan nan da ganyen darbejiya kuma na ji daɗin jikina. Amma kanwa 'yar'uwar gishiri ce, sinadarin da ke cikin gishiri yana sa jiki ya riƙe ruwa jini ya hau shi ne a cikinta. Toh ku duba abun da muke ba maijego a rana, kunun kanwa kofi bayan kofi, gasasshen nama da yajin jego wanda rabinsa gishiri ne da Maggi, farfesun kauri shi ma haka, ga wadda jininta ke neman hawa dama. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan masu jego da zuciyarsu ke kumbura ta gaza aiki, suka danganta abun da yawan shan kanwa da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta a ƙasa. Don a yi adalci, binciken da aka yi daga baya a Kano da wasu wurare bai ɗora wa kanwa duka laifin ba, an ga talauci da rashin abinci mai gina jiki da hawan jinin ciki suna da hannu sosai. Amma ba likitan da zai ce miki ki ɗura wa mai hawan jini kanwa. Ita kuma zuciyar da ta gaza, jini kan kwanta a cikinta ya daskare, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa, kun ga an koma gidan jiya. Don haka maijegon da ke haki in ta ɗan motsa, ko ba ta iya kwanciya sai ta jingina da filo uku, ko tari ya dame ta da dare ga ƙafa a kumbure, wannan ba sanyi ba ne, a kai ta a duba zuciya.

Ruwan wankan kuma, dan Allah ɗumi mai kyau ya isa. Na sha wanke ƙunar masu jego a asibiti, baya duk ya saɓule, an ce wai sai ruwa na tafasa ake fyaɗawa. Ta yi zufa sharkaf, jiri ya ɗebe ta, sannan ba a ba ta ruwan sha isasshe don wai kar cikinta ya yi girma. Ku ba ta ruwa ta sha, ku bar ta ta riƙa ɗan zagayawa a tsakar gida, kwanciya wuri ɗaya wuni guda shi ma yana sa jini daskarewa a ƙafa.

Ciwon kai shi ne babban abun da nake roƙonku a kai. Eh maijego na iya ciwon kai don gajiya da rashin barci, amma wanda ya ƙi jin magani, ko wanda ya sauko lokaci ɗaya kamar an buga mata taɓarya, ko ya zo da gani dishi-dishi ko tana ganin wasu taurari-taurari, ko amai, ko ciwo a saman ciki ta ɓangaren dama ƙarƙashin haƙarƙari wanda muke cewa olsa ce, ko fuska da hannu suka kumbura, wannan asibiti ne a ranar ba gobe ba. Kuma sai kun tambaye ta da kanku. Mu muka koya wa 'ya'yanmu dauriya da kunya, musamman a ɗan fari, yarinya na jin kanta zai rabe biyu amma ta yi shiru don kar a ce ta cika raki, ko don surukarta na zaune a ɗakin. Ki ja ta gefe ki ce 'yar nan ya kanki, ya idonki, gaya min gaskiya.

In kuma abun ya riga ya faɗo, ga yanda za ku gane ko ba ku taɓa shiga aji ba. Ki ce ta yi murmushi, in gefe ɗaya na bakin ya zube toh. Ki ce ta ɗaga hannu biyu, in ɗaya ya ƙi tashi ko yana sulalewa ƙasa toh. Ki ce ta faɗi sunan jaririnta ko ta yi salati, in harshe ya karye ko tana faɗin abun da ba shi ba toh. Ɗaya daga ciki ma ya isa, ko da ya zo ya wuce cikin minti kaɗan ta dawo daidai, kar ku ce Allah Ya kiyaye ku zauna, wannan gargaɗi ne babban na tafe. A duba agogo a riƙe lokacin da abun ya fara don likita zai tambaya, in toshewa ce akwai allurar narkar da gudan jini amma a cikin awa 4 da rabi na farko ake yin ta, kuma ba kowane asibiti ke da ita ba. A nemi mota ko a-daidaita a nufi babban asibiti inda ake hoton ƙwaƙwalwa, kar a tsaya kemis. Kar a ba ta komai ta baki, ko ruwa ko rubutu ko zuma ko man habbatussauda, don maƙogwaronta ma ya kan shanye, abun da aka ɗura huhu yake tafiya, ƙanwata sai da ta yi jinyar ciwon huhu a kan wanda take ciki. Kar a ba ta asfirin don an ji ana ba masu shanyewar jiki, in jijiya ce ta fashe ƙara zubar jinin zai yi, kuma ba mai iya bambance fashewa da toshewa da ido sai an yi hoto. In jijjiga take a kwantar da ita ta gefe, kar a cusa mata cokali a baki, kar a danne ta. A asibiti akwai allurar magniziyam salfet da ke tsayar da jijjigar, akwai magungunan da ke sauko da jini cikin ƙasa da awa ɗaya, ba masu tsada ba ne, isowa da wuri ce ke da tsada.

Ni musulma ce, na yarda da addu'a, ni ma ina tofa wa marasa lafiyata. Ba wanda ya ce kar a yi. A yi ta a cikin mota ana tafiya, a kira malam a waya ya yi daga inda yake, in an kwantar da ita ya zo bakin gado ya yi. Abun da ba zan taɓa mantawa ba shi ne awannin da ƙanwata ta yi a kan tabarma cikin hayaƙi jini na zuba a kanta, mu kuma muna da mota a ƙofar gida.

Sai maganar izini. Sau nawa aka kawo min mace a makare aka ce mijinta ne ba ya gari, wayarsa ba ta shiga. Ku iyaye ku ne za ku iya wannan maganar da surukanku, tun ranar da aka kawo ta wanka ku ce masa Malam, in wani abu ya taso za mu wuce da ita asibiti sai dai ka same mu a can, kuma ka ajiye ɗan abun mota a hannunmu. Ba namijin kirkin da zai ƙi.

Babban roƙona dai shi ne na'urar awon hawan jini, irin ta batir ɗin nan da ake ɗaurawa a dantse a danna, ta shiga cikin kayan haihuwa kamar yanda baho da fulas suka shiga. Ko kusa ba ta kai kuɗin ragon suna ba, wasu turamen atamfar da ake kawowa barka ma sun fi ta kuɗi, kuma guda ɗaya ta ishi gida ko layi guda a riƙa ara. Duk gida akwai ɗan makarantar da zai karanta lamba. A auna ta safe da yamma a sati biyun farko, tana zaune ta huta, ba daga fitowa wanka ba. Lamba biyu kawai za ku riƙe, in ta kai 140 a sama ko 90 a ƙasa a je a ga ma'aikacin lafiya a ranar, in ta kai 160 a sama ko 110 a ƙasa ko dare ne a tafi, ko da tana cewa ita lafiyarta ƙalau. Wanda ba shi da hali, asibitin sha-ka-tafi na unguwa suna aunawa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ma sau 4 ya kamata a duba maijego, cikin awa 24 na farko, sai wajen kwana 3, sai tsakanin kwana 7 zuwa 14, sai a sati na 6. Mu kuwa jaririn kawai ake naɗowa a kawo rigakafi a hannun wata gwaggo, uwar na gida wai ba ta fita sai ta yi arba'in. Ku bar ta ta fito, asibiti ba yawon arba'in ba ne.

Wadda aka sallamo da maganin hawan jini kuma kar a ce ta ajiye don ta haihu, ko don wai zai ɓata nono. Irin su nifedifin da labetalol ana shan su ana shayarwa, likita ne zai ce a rage ko a daina. Mu ma ma'aikata ban wanke mu ba, sau tari muna sallamar mace cikin gaggawa don ana jiran gadon, ba mu zaunar da ita da wadda ta rako ta mun faɗa musu ko ɗaya daga cikin abubuwan nan ba. Ku tambaye mu kafin ku fita, ku ce nawa jininta yake, yaushe za mu dawo, ko mun ɗaure fuska ku tambaya.

Wadda abun ya riga ya same ta, jinyarta doguwa ce kuma a hannunku za ta ƙare. A fara gashi a asibiti da wuri, watannin farko su ne jiki ya fi saurin dawowa, a riƙa juya ta a gado kar bayanta ya yi gyambo, kar a ja ta ta hannun da ya shanye don kafaɗar na iya gocewa, a bar ta ta yi ƙoƙarin cin abinci da sa kaya da kanta ko zai ɗau awa guda. A riƙa ɗora mata ɗanta a jiki, kar a ɗauke shi gaba ɗaya a kai wani ɗaki don tausayi, wannan ya fi komai karya musu zuciya. Kuma dan Allah a daina zancen ƙarin aure a gabanta kamar ba ta ji, wadda magana ta ƙwace mata sau da yawa tana fahimtar komai, ƙanwata ta faɗa min duk abun da aka faɗa a kanta bayan bakinta ya buɗe, har da wanda ya faɗa. Maganar wani cikin kuma a bari jiki ya huta, a je wurin likita ya zaɓa mata hanyar tazara da ta dace da ita don ba kowace ƙwayar tsarin iyali ce ke yi wa mai hawan jini ba, in kuma cikin ya zo a fara awo da wuri a faɗi abun da ya faru a baya ba ɓoye-ɓoye.

Jiya na je gida na tarar da ita tana koya wa hannun hagu ɗaura ɗankwali, ɗan nata na ta janye mata shi tana dariya. Innarmu kuwa yanzu na'urar tana cikin jakarta tare da carbi, duk gidan da aka kira ta wanka a unguwa sai ta tafi da jikanta ya karanta mata lamba, satin da ya wuce ma ta kira ni da sassafe wai 150 bisa 100 ne a gidan maƙota, su tafi yanzu ko su jira a gama karyawa. Na ce Inna ku tafi yanzu.

Wassalam, 'yarku mai neman albarkarku.